Lokutan Shekara a Littafin Huangdi: Abin da Ido Ya Gani da Abin da Lissafi Ya Ƙaga

Daga cikin littattafan likitanci da mutanen da suka bar wa duniya, kaɗan ne suka yi tsawon rai irin na Huangdi Neijing na ƙasar Sin. Sunansa yana jingina shi ga Huangdi, wani sarki na almara, amma masana sun haɗu a kan cewa tarin rubuce-rubuce ne na marubuta da yawa, da aka harhaɗa a zamanin daular Han, wajen shekara dubu biyu da suka wuce. Kashi biyu ne, Suwen da Lingshu, kowane da babi 81. Babi na biyu na Suwen, mai magana a kan daidaita rayuwa da lokutan shekara huɗu, yana cikin waɗanda aka fi karantawa, kuma kusan duk wata shawara ta "ci kaza a lokacin sanyi, bar kaza a lokacin zafi" da ake dangantawa da likitancin Sin tana fakewa da shi. Sai dai matsayin nan nasa aikin mai gyara ne. Wang Bing, wanda ya sake tsara littafin a shekarar 762, shi ya ɗauko babin daga can ƙarshe ya kawo shi bakin ƙofa.

Babin gajere ne, kuma babu tambaya da amsa tsakanin sarki da likitansa Qibo kamar yadda aka saba a sauran littafin. Kowane lokaci yana da wata uku, da gaɓar jiki ɗaya da aka ɗaura masa. A lokacin tsiro a kwanta a makare, a tashi da wuri, a zaga tsakar gida da sakakken gashi. Wanda ya saɓa, hantarsa ce za ta biya. Lokacin zafi na zuciya ne, a guji fushi, kada a ƙosa da rana. Da kaka, a kwanta da wuri, a tashi da carar zakara, a kwantar da hankali saboda huhu. Da sanyi ya shigo, a kwanta da wuri, kada a tashi sai rana ta fito, a nemi ɗumi, a tsare ƙoda. Gwanintar marubucin tana cikin jinkirin hukunci: laifin da aka yi a wani lokaci, sai a lokacin da ke biye cutarsa take bayyana. Da haka shekara ta zama kamar rumbu, abin da ba a zuba da kaka ba, ba za a ɗebo shi da rani ba. A ƙarshe ya kwatanta mai neman magani bayan ciwo ya kama shi da wanda ƙishirwa ce ta tuna masa haƙar rijiya. Bahaushe ya gajarta wannan da cewa rigakafi ya fi magani.

To amma wa ake wa wannan gargaɗi? Mutumin da zai iya jiran fitowar rana kafin ya bar shimfiɗa, yana da tsakar gidan da zai zaga da hantsi, ba shi ne manomin gero na bakin Rawayan Kogi ba. Babin da kansa ya tona asirin, inda ya ce a lokacin tsiro a yi kyauta, a bar ƙwace, a ba da lada, a bar horo. Wannan magana ce ga mai iko. Ta yi daidai da tsarin dokokin wata-wata da ke cikin Lüshi Chunqiu, littafin mulki na wajen shekara ta 239 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma an san cewa daulolin Sin sukan jinkirta hukuncin kisa zuwa kaka. Jiki a nan ƙaramar masarauta ce, gaɓoɓi hakimanta. Wanda ya karanta babin a matsayin takardar likita kawai ya bar rabin ma'anarsa a ƙasa.

Akwai kuma wurin da ɗinkin ya fito fili. Falsafar zamanin ta kasa komai gida biyar: itace, wuta, ƙasa, ƙarfe, ruwa. Manyan gaɓoɓi biyar ne, lokutan shekara kuwa huɗu, sai saifa ta rasa mazauni. A wasu babobin an yanko mata ƙarshen lokacin zafi an mai da shi lokaci na biyar. A wani wurin an ba ta kwana 18 daga wutsiyar kowane lokaci. Amsa biyu ga tambaya ɗaya, cikin littafi ɗaya. Sama ba ta ƙara wani lokaci ba, jadawali ne ya buƙaci a cika masa gurbi.

Inda maganar ta fi nauyi shi ne batun masassara. Babin ya ce wanda ya saɓa wa ƙa'idar lokacin zafi zai gamu da zazzaɓi mai zuwa yana komawa idan kaka ta yi. Idon da ya lura da wannan bai yi kuskure ba, domin a ƙarshen zafi da ruwa ne zazzaɓin cizon sauro ke yawaita, kuma kowace uwa a Maraɗi ko Damagaram ta san watannin da asibitin yara ke cika. Dalilin ne bai daidaita ba. Sai a 1880 Alphonse Laveran ya ga ƙwayar cutar cikin jinin wani majinyaci a Aljeriya, a 1897 Ronald Ross ya gano ta cikin sauro. Hatsarin bayanin na da shi ne yana mai da laifi kan maras lafiya: yaron da ke jijjiga bai saɓa wa kowace ƙa'ida ba, sauro ne ya cije shi.

Maganin da Sin ta ba duniya a kan wannan cuta ta wata ƙofa ya fito. A cikin shirin bincike da gwamnati ta buɗe a 1967, Tu Youyou da abokan aikinta sun bi tsofaffin littattafai, har suka dace da wani ɗan bayani na Ge Hong, na ƙarni na huɗu, a kan jiƙa ganyen qinghao, dangin tazargade, a matse ruwansa ba tare da an dafa ba. Daga nan ta fahimci zafi na iya lalata sinadarin, a 1971 ta tace shi da ƙarancin zafi, aka gwada a kan dabbobi, sannan mutane. Lambar Nobel ta biyo baya a 2015. Littafin Ge Hong kundin magungunan gaggawa ne, na abin da aka jarraba, kuma gwaji ne ya tabbatar da shi, jadawalin gida biyar bai taka wata rawa ba. Haka ma maganin rigakafin da ake ba yara ƴan ƙasa da shekara biyar wata-wata a cikin damina a ƙasashen Sahel, bisa shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2012: niyyar ta tsohon babin ce, hujjar kuwa ta ƙididdiga.

Mai karatun Faransanci yana da fassarar Albert Husson ta 1973, na Turanci kuma yana da ta Paul Unschuld da Hermann Tessenow ta 2011, wadda ba ta ɓoye saɓanin da ke cikin nassin ba. Wanda zai juya babin zuwa Hausa kuwa, kalmar farko ce za ta tare shi. An saba kiran lokacin tsiro "bazara", alhali bazarar Tawa zafi ce mai ƙona ƙafa, rijiyoyi sun ja baya, sanƙarau bai gama wucewa ba. Tsiro a nan sai damina. Idan aka rubuta cewa da bazara a saki jiki a yi yawo a tsakar gida, kalmomin sun zama Hausa, shawarar kuwa tana can arewacin Sin, inda ƙanƙara ta fara narkewa.