BABI NA UKU: Abinci da Wuraren Cinsa a Cikin Littafin Zuƙaƙul Midaƙ na Najib Mahfuz

3.0 Gabatarwa

A babi na biyu an kawo tarihin Najib Mahfuz (1911-2006), marubucin ƙasar Masar wanda ya sami kyautar Nobel ta adabi a shekarar 1988. A wannan babi kuwa za a dubi ɗaya daga cikin ƙagaggun labaransa, wato Zuƙaƙul Midaƙ, wanda aka fara bugawa da Larabci a 1947. Ma'anar sunan ita ce Lungun Midaƙ, kuma lungu ne na gaske a tsohon birnin Alƙahira, kusa da masallacin Husaini da kasuwar Hanul Halili. Labarin ya gudana ne a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da sojojin Ingila suka cika birnin.

Abin da za a nazarta shi ne yadda marubucin ya yi amfani da abinci da wuraren ci da sha wajen warware jigonsa. Wanda ya karanta littafin a gurguje zai iya cewa jigonsa bai wuce "kwaɗayi mabuɗin wahala" ba, tunda tauraruwar labarin, Hamida, ta raina cimar gidansu ta gudu, ta ƙare a karuwanci. Wannan babi zai yi ƙoƙarin nuna cewa maganar ta fi haka zurfi. Marubucin ya mai da abinci ma'aunin matsayin kowa, sannan ya nuna cewa akushin lungun ya riga ya kasa ƙosar da matasansa tun kafin su waiwayi na waje.

3.1 Cimar Mutanen Alƙahira a Taƙaice

Kafin a shiga cikin littafin ya kamata a san abin da talakan Alƙahira ke ci. Ginshiƙin cimarsa gurasa ce, wadda Misirawa ke kira "aish", kalmar da ke nufin rayuwa. Darajarta a wurinsu ta kai ga cewa a watan Janairu na 1977, da gwamnatin Anwar Sadat ta janye tallafin kayan masarufi, jama'a suka yi bore, har sai da aka maido da tallafin. Abokin tafiyar gurasa shi ne ful, wato wani babban wake da ake kwana ana dafawa a tukunya mai ƙaramin baki, a zuba masa mai da gishiri da lemon tsami. Akwai ɗa'amiyya, wadda ta yi kama da ƙosai, da kuma kushari, haɗin shinkafa da taliya da adas da soyayyar albasa. Shi adas wani ƙanƙanen wake ne mai araha.

Yawancin waɗannan a bakin titi ake sayensu, a ci a tsaye ko a kan benci. Haka kuma a tsofaffin unguwanni akan kai tiren abinci gidan gashin gurasa a gasa wa mutum ya biya. Saboda haka a irin wannan wuri ci ba sirri ba ne. Maƙwabci ya san abin da maƙwabcinsa ya ci, kuma a kan wannan ne marubucin ya gina abubuwa da dama na labarinsa.

3.2 Gidan Gahawar Kirsha

Zuciyar lungun ita ce gidan gahawar Mu'allim Kirsha. Matsayinsa ya yi kama da na teburin mai shayi a ƙasar Hausa, sai dai shi ɗaki ne da kujeru, kuma ana shan shisha. A nan maza ke haɗuwa bayan magariba, a nan kuma mai karatu ya fara saduwa da mafi yawan taurarin labarin: Abbas wanzami, da Baba Kamil mai sayar da basbusa, da Dakta Bushi mai cire haƙori, da Ridwanul Husaini mutumin kirki, da Shaihu Darwish.

Abu na farko da ya faru a wannan wuri shi ne korar wani tsoho mai waƙe labarin jaruman Banu Hilal da rababa, wani abin kiɗa mai kama da kukuma. Shekara 20 yana wannan sana'a a gidan gahawar. Da ya nemi a kawo masa gahawa, yaron shagon, Sanƙar, ya yi biris da shi, sai da Dakta Bushi ya sa baki. Daga nan Kirsha ya shaida masa cewa mutane sun daina son labaransa, rediyo suke so, ga shi can ma ana kafawa. Idan aka tuna cewa gidan rediyon gwamnatin Masar ya fara aiki a 1934, za a ga cewa sauyin da marubucin ke magana a kai abu ne da ya gani da idonsa.

Abin lura a nan shi ne, tun kafin a furta kalmar kora, kofin gahawa ya riga ya sanar da ita. Wanda aka yi jinkirin kawo wa gahawa ya san kwanansa ya ƙare. Wannan ita ce dabarar marubucin a duk tsawon littafin, wato yakan bar abin ci ko abin sha ya faɗi matsayin mutum. Daga baya Ibrahim Faraj, kawalin da ya yaudari Hamida, ya shigo wannan gidan gahawa da tufafin Turawa, yana shan shisha yana biya da manyan kuɗi, yana kallon tagarta. An kori tsoho don ba ya kawo ciniki, an karɓi maɓarnaci hannu bibbiyu don yana da abin biya. Shi kansa Kirsha mai fataucin tabar hashish ne, kuma mai neman samari, har matarsa ta taɓa zuwa ta yi masa tonon silili a gaban masu shan gahawa. Ashe ke nan tun daga ciki wurin yake da tsutsa.

3.3 Ful da Adas: Cimar Masu Haƙuri

Abbas da Baba Kamil gida ɗaya suke haya, kuma tare suke karin kumallo da ful da albasa da kokwamba da aka jiƙa a ruwan gishiri. Abbas mai saurin ci ne, Baba Kamil kuwa yakan daɗe yana tauna, don haka yakan raba abincin biyu tun farko don kada a ci masa rabo. Hoton yana da ban dariya, amma ya ƙunshi abu biyu: zumunci da ƙarancin abin hannu. Baba Kamil mutum ne mai ƙiba, gwani wajen haɗa basbusa, wato wani kayan zaƙi na tsakin alkama da sukari da man shanu. Duk da haka bai tara ko kuɗin likkafani ba, har Abbas ya riƙa tsokanarsa da cewa ya saya masa ya ajiye. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana sayar da zaƙi, ga shi ba shi da abin rufa gawarsa.

Da an bar Abbas, da ya zauna a kan wannan kwanon ful har tsufa, domin yana son lungun. Amma son Hamida ya nuna masa cewa kuɗin aski ba za su yi aure ba. Abokinsa Husaini, ɗan Kirsha, wanda ke aiki da sojojin Ingila, shi ya zuga shi ya rufe shago ya tafi sansaninsu na Tallul Kabir. A nan ne ya kamata a tsaya a yi tunani. Abbas ba makwaɗaici ba ne, halal yake nema, amma lungun bai iya ba shi abin da zai kafa gida ba.

Ita kuwa Hamida, a ranar da ta yanke shawarar gudu, adas ta dafa. Marubucin ya nuna tana tunanin cewa wataƙila wannan ne ƙarshen girkinta a gidan. Ba wai ta ƙi jinin adas ba ne, ta dai san cewa abincin talaka ne, kuma iyakar saninta game da cimar masu kuɗi shi ne nama. Wannan ɗan wuri yana cikin mafi ƙarfin sassan littafin. Yarinyar da za ta sayar da mutuncinta don duniya ba ta ma san sunan abincin duniyar ba. Mai karatu zai ga laifinta, amma da wuya ya rasa jin tausayinta.

3.4 Tiren Farik na Salim Alwan

Attajirin lungun shi ne Sayyid Salim Alwan, mai kamfanin sayar da turare, wanda yaƙi ya ƙara wa arziki ta hanyar cinikin bayan fage na kaya irin su ganyen shayi. Kullum da rana yakan ci tiren farik, wato ɗanyar alkama da aka haɗa da naman tattabara da gyaɗar ƙamshi, don ƙarin kuzari a shimfiɗar aure. A gidan gurasar Husniyya ake gasa masa. Da ta so ta san sirrin abin, sai ta gutsura ta gwada a kan mijinta Ja'ada, wanda ta saba duka. Da ta ga amfaninsa sai ta ci gaba da ɗiba, har mai abu ya gane, ya mayar da gashinsa wani gidan burodi irin na Turawa. To, daga nan sirri ya fasu, lungu ya ɗauka, wasu ma suka gwada, amma tsadarsa ta mai da su baya.

Wannan labari na raha ne, amma ya yi wa jigo aiki ta fuska uku. Na farko, ya tabbatar da abin da aka faɗa a 3.1, cewa a lungun tanderu ɗaya ba a ɓoye abin da aka ci. Na biyu, ya nuna cewa sha'awar mai kuɗi da ta talaka ɗaya ce, aljihu ne ya raba su. Na uku, tiren farik shi ne ya kai Alwan ga neman auren Hamida, alhali an riga an karanta mata Fatiha da Abbas. Ita da uwar riƙonta suka amince suka watsar da wanzami, kwatsam sai ciwon zuciya ya kayar da attajirin. Ya tashi daga jinya ya zama mai ƙunci da zargi, yana ganin kowa hassada yake yi masa. Ke nan mutum ɗaya tak da ke cin mai kyau a lungun, shi ma cimarsa ba ta gadar masa da kwanciyar hankali ba.

3.5 Ci da Sha a Wajen Lungu

Idan taurarin suka fita daga lungu, abin sha yakan canza daga shayi da gahawa zuwa giya. Faraj ya ɗauki Hamida a tasi zuwa wani gida a titin Sharif Basha, ya canza mata suna zuwa Titi don sojoji su iya faɗa. Husaini, bayan an sallame shi daga aiki ya dawo gidan ubansa hannu rabbana, shi ya ja Abbas zuwa mashayar Fita da ke unguwar Yahudawa, inda ya fara kurɓar giya a rayuwarsa. A wata mashayar kuma Abbas ya tarar da Hamida a tsakiyar sojoji, ya jefe ta da kwalba a fuska, su kuma suka rufe shi da duka har ya mutu.

Idan aka dubi zubi da tsarin littafin, za a ga an buɗe shi a gidan gahawa, an kai shi ƙololuwa a gidan giya. A na farko an kori tsoho, a na biyu an kashe saurayi. Duka wuraren biyu na mai kuɗin biya ne. Bambancinsu shi ne a lungu akwai irin su Ridwanul Husaini da za su lallashi wanda aka kora su danƙa masa 'yan kuɗi, a mashayar sojoji kuwa ko abokin Abbas bai iya ɗaga hannu ba.

3.6 Wasu 'Yan Naƙasu

Duk da wannan gwaninta, akwai wuraren da za a iya yi wa marubucin gyara. Na farko, sabon birnin da mai karatu ya fi gani bai wuce gidan kawali da mashaya ba. Alhali a wancan zamani Alƙahira tana da manyan wuraren cin abinci irin su Groppi da otal ɗin Shepheard's, wanda aka ƙone a tarzomar Janairu 1952. Da an leƙa da mai karatu irin waɗannan wurare, da ya ga ainihin teburin da Hamida ke mafarki. Rashin haka ya sa waje ya zama kamar rami kawai, abin da ke ƙarfafa fassarar wa'azi da aka ce ba ta wadatar ba. Na biyu, hirar maza a gidan gahawa ta sami fili fiye da madafar mata, ko da yake su ne ke fama da tsadar kaya a zamanin yaƙi.

3.7 Naɗewa

A wannan babi an ga yadda Najib Mahfuz ya yi amfani da gahawa da ful da adas da farik da giya wajen bayyana halin taurarinsa. An nuna cewa waɗanda suka fita daga lungun sun halaka ko sun dawo da kunya, amma waɗanda suka zauna ma ba su tsira ba, domin Dakta Bushi da Zaiɗa an kama su suna tonon kabari don satar haƙoran zinari. Hausawa na cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Littafin bai musa wannan ba, sai dai ya ƙara da tambayar abin da gidan ya tanada wa wanda ya zauna. A ƙarshen labarin wani mahauci ya tare a ɗakin da Dakta Bushi ya bari, da 'ya'yansa maza da wata kyakkyawar 'ya, Husaini kuma har ya fara yaba kyanta. A babi na gaba za a dubi salon sarrafa harshe a littafin.