Matsalar Kalmar "Lu'ulu'u" a Darasin Kayan Ado

Babban rauni da muka lura da shi a darasin kayan ado shi ne ɗora wa kalmar "lu'ulu'u" ma'anoni biyu. Asalinta Larabci ce, kuma tana nufin ƙwayar da ke samuwa cikin kwanson wata halittar ruwa. Amma sau da yawa ana kiran daimon da ita, alhali shi ma'adini ne da ake haƙowa, wanda ya fi sauran ma'adinai tauri. Haka nan ana lissafa murjani cikin duwatsu, ko da yake ƙashin wata halittar teku ne.

Wannan ba ƙaramin al'amari ba ne ga yaran unguwannin Hausawa na Fatakwal da Anaca da Inugu, inda murjani ke da daraja wajen adon sarauta da aure. Ɗalibin da zai gaji sana'ar zinariya, ya rarrabe karat 18 da karat 24, bai kamata aji ya cakuɗa masa sunayen haja ba.

Saboda haka muna ba da shawarar a keɓe "lu'ulu'u" ga ma'anarta ta asali, a karɓi "daimon", sannan a koyar da yaƙutu da zumurrudu kowanne da bayaninsa.