Linux Da Mai Koyo

Cikin shekarar 1991 wani ɗalibi a Jami'ar Helsinki, mai suna Linus Torvalds, ya rubuta Linux, watau zuciyar tsarin da ke tafiyar da kwamfuta. Bai kulle rubutun a akwati ba. Cikin 1992 ya sa shi ƙarƙashin ƙa'idar GPL, wadda Richard Stallman ya shirya: kowa ya karanta, ya kwafa, ya gyara, amma in zai raba wa jama'a gyaransa, tilas ya nuna yadda ya yi. Nan aikin ya cancanci yabo, gama kuskuren da ya ɓuya wa mutum ɗaya, da wuya ya ɓuya wa dubu.

Amma fa gwanaye ne suka gina wa gwanaye. Wayoyin Android a kansa su ke, kwamfutar tebur kuwa har yanzu Windows ta fi yawa. Mai koyo ya zo, a ce ya zaɓa, ko Debian, ko Fedora, ko Ubuntu, kowacce da irin fuskarta. Wa ke tambayar ɗan aji ɗaya irin alƙalamin da ya ke so? In abu ya lalace, sau da yawa sai ya rubuta umurni da hannu, harafi ɗaya ya kuskure, aiki ya tsaya.

Masu wasanni kam sun sami sauƙi. Kamfanin Valve ya kawo Steam kan Linux cikin 2013, sa'an nan Proton cikin 2018, mai sa wasannin Windows da yawa su yi aiki. Kamfani mai neman riba ne ya toshe wannan ɓaraka, ko da ya ke a kan Wine ya ɗora gininsa, aikin da 'yan sa kai suka fara tun 1993.