Barde a Littafi, Madawaki a Bakin Fili

Duk wanda ya yi makaranta a ƙasar Kazaure a zamanin da ake karatun Hausa da gaske ya san jarumai biyu, Ganɗoki da Iliya Ɗan Maiƙarfi. Na farkon Muhammadu Bello Kagara ne ya rubuta shi, ya kuma fito ne daga gasar da Rupert East ya shirya a 1933, gasar da ta ba mu Ruwan Bagaja da Shaihu Umar. Na biyun aikin Ahmadu Ingawa ne, wanda ya ɗauko jarumin tatsuniyar Rasha ya naɗa masa rawani har ya zama ɗan gida. Littattafan nan sun gina mana siffar mazantaka, kuma siffar ta mutum ɗaya ce tilo. Ganɗoki ya kara da Turawa a bayan Sarkin Sudan na Kwantagora, ya nausa gabas da ɗansa Garba Gagare, ya shiga ƙasashen aljanu, ko'ina bakinsa cike da kirarin kansa. Rundunar da ke tare da shi ba ta da fuska. Mai karatu zai kai ƙarshen littafin bai san wa ya tsara sahu ba, bai san wa ya ciyar da dawaki ba.

A yaƙin gaskiya kuwa ba haka abin yake ba. Tarihin Kano ya ce Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke. Wanda ya taɓa tsayawa kusa da ɗan lifidi ranar hawan sallah a Kazaure ya ga abin da wannan kaya yake nufi: doki a lulluɓe da bargon auduga mai kauri, gumi na tsatsafo masa tun kafin a bar ƙofar fada, mahayi a ɗaure cikin nauyi, zagage na riƙe da linzami suna gyara masa zama. Irin wannan doki ba ya dogon gudu. Idan aka sake shi da wuri ya gaji kafin a haɗu, idan aka makara an riga an ci 'yan ƙasa. Dole akwai wanda aikinsa ke nan, ya san lokacin da za a ce a far musu da lokacin da za a ce a ja da baya. Shi ya sa fada ta raba sarautu: ga Barde da Jarma, maza masu shiga gaba, ga Madawaki mai riƙe da dawakin ƙasa duka. Masarautar Kazaure kanta ba da sara ɗaya aka kafa ta ba. Wanda ya kafa ta, Ɗantunku, ya yi shekaru yana ja-in-ja da Sarkin Kano Ibrahim Dabo, wanda ya hau a 1819, ya koma cikin duwatsu da abin ya yi tsanani, har Sakkwato ta amince da Kazaure a matsayin ƙasa mai sarkinta. Wannan haƙuri ne da lissafi, abubuwan da ba sa daɗin zuba wa kirari, don haka marubutanmu suka wuce su.

Turawa sun ɗan fi mu tona wannan wuri. A tsohuwar waƙar Faransa ta Roland, wadda aka rubuta wajen shekarar 1100, an bar jarumin ya tsare bayan runduna a mashigin dutse. Abokinsa Oliba ya ga yawan abokan gaba ya ce masa ya busa ƙaho sarki ya juyo, shi kuwa ya ƙi don kada a ce ya ji tsoro. Sai da mutanensa suka kusa ƙarewa ya busa, lokacin ba sauran amfani. (Mawaƙin ya mai da abokan gaban Musulmi, alhali a yaƙin ainihi na 778 mutanen Bask ne suka yi kwanton ɓaunar, ƙaryar makaɗa ba ta da ƙabila.) Waƙar tana yabon Roland, amma ta bar mai saurare da gawarwakin da girman kansa ya jawo.

To, je filin firamare a Achilafiya ko Karkarna ko Roni bayan la'asar. Samari sun yi karo-karo sun sayi ƙwallo da jesi, kuma wanda aka miƙa wa usur kusan kullum shi ne tsohon gwanin gari, wanda gwiwa ta hana shi ci gaba. Tirenin ɗinsa rabi gudu ne, rabi labarin ƙwallon da ya ci a zamaninsa. Ranar wasa da ƙauyen maƙwabta yana bakin layi yana ihu ga ɗan gaba ɗaya, a ba shi, a ba shi. An ci su ɗaya kafin hutun rabin lokaci, 'yan tsakiya sun galabaita, ga yara uku a zaune a ƙasa da takalmansu a ɗaure, amma ba zai yi canji ba, don cire gwani a idon jama'a tamkar amsa laifi ne. Ganɗoki ne yake horar da ƙungiyar, kuma Roland ne yake riƙe da ƙaho. Ba na ganin laifinsa shi kaɗai. 'Yan kallo ma barde suka zo gani, kuma a gidan kallon ƙwallo da dare gardamar duka a kan wane ya fi wane ce.

Tsohon gwani yana iya zama madawaki, sai dai da wuya. Stephen Keshi ya ɗaga kofin Afirka a matsayin kyaftin ɗin Najeriya a 1994, ya sake ɗaga shi a matsayin koci a 2013, abin da kafinsa Mahmud El-Gohary na Masar kaɗai ya yi. Abin lura shi ne yadda ya yi na biyun. Ya bar manyan sunaye irin su Peter Odemwingie da Obafemi Martins a gida, ya tafi Afirka ta Kudu da 'yan wasan cikin gida shida, ciki har da Gabriel Reuben na Kano Pillars, ya ajiye kyaftin ɗinsa Joseph Yobo a benci a yawancin wasannin. Zagi ya sha shi. Sunday Mba, ɗaya daga cikin shidan nan, shi ya ci ƙwallon da ta fitar da Kwaddibuwa, shi kuma ya ci Burkina Faso a wasan ƙarshe ranar 10 ga Fabrairu.

Inda littattafan suka faɗi gaskiya tsantsa shi ne tsakanin jarumi da fada. Iliya ya yi wa Sarki Waldima bauta, sarki ya jefa shi kurkuku, sai da abokan gaba suka tunkaro birni aka tuna da shi. Haka ma koci Shuaibu Amodu ya kai Najeriya gasar kofin duniya ta 2002, aka sallame shi kafin a tafi. Aka sake kiransa, ya kai ta ta 2010, aka sake sallamarsa aka ɗauko Lars Lagerbäck daga Suwidin. Duka biyun maki ɗaya tak aka samo aka dawo gida. Keshi ma Togo ta yi masa haka a 2006. Amodu da Keshi suka rasu cikin mako guda a watan Yunin 2016. Hukumar da ke kallon koci a matsayin barde, mai sara ɗaya ya gama, ba za ta iya jiran aikin madawaki ya nuna ba.

Kano Pillars ta ci kofin lig a 2008 da Kadiri Ikhana, a 2012 da 2013 da Baba Ganaru, a 2014 da Okey Emordi. Koci uku, kofi huɗu, kuma babu ɗayansu da ya shiga fili ya buga.

Don haka, shugabannin ƙungiyoyin matasa na Yankwashi da Gwiwa da Babura, idan za ku ba da usur a kakar bana, ku bar tambayar ƙwallo nawa mutum ya ci a da. Ku tambaye shi sunan yaron da ya fi kowa rauni a cikin 'yan wasanku, da wurin da zai ajiye shi ranar wasa.