Daga Ajin Tarihi Zuwa Kantar Kaya

A manyan shagunan Ingila irin su Marks & Spencer da Next, mutum biyu ne ke riƙe da makomar kowace riga. Ɗaya shi ke zaɓo ta, wato mai sari. Ɗayan kuwa, mai tsara kaya, shi ke yanke guda nawa za a kawo, wane reshe za a kai, yaushe za a ƙaro, yaushe kuma za a karya farashi kafin ta yi kwantai. Da yawa daga cikin kamfanonin ba su ware wa gurbin mai tsara kaya wani digiri na musamman ba, kuma a ganina ɗalibin Tarihi yana sahun gaba cikin waɗanda aikin ya dace da su.

Duk wanda ya taɓa zama a Arewa House ko ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da ke Kaduna yana buɗa rahoton Razdan, ya san ba a gaskata takarda don kawai takarda ce. Wa ya rubuta ta? Don wa? Me ya tsallake? Littafin ciniki ma irin tambayoyin da yake buƙata ke nan.

A ce littafi ya nuna bara an sayar da turmi 90 na jar atamfa, shuɗiya kuwa 40 kacal. Mai gaggawa zai ce ja ce ake yayi, ya zuba jari a kanta. Gwani kuwa sai ya bi kwanakin ɗaya bayan ɗaya, ya tarar shuɗiyar ta ƙare tun mako na biyu. Matan da suka zo nemanta suka koma hannu rabbana, babu wanda ya rubuta su. Gane abin da takarda ta yi shiru a kansa, wannan fa shi ne abin da malaman Tarihi ke shekara huɗu suna cusa wa ɗalibi, kuma nan ne wannan gwaninta ta fi burge ni.

Sai batun lokaci. Sallah tana matsowa da kusan kwana 11 kowace shekara: Ƙaramar Sallah ta 2016 a Yuli aka yi ta, ta 2024 kuwa a Afrilu. Wanda ya gwada cinikin Afrilun bana da na bara ido rufe, ya yaudari kansa. Haka wanda ya ɗauki cinikin lokacin kullen korona na 2020, ko na farkon 2023 da takardun naira suka yi wuya, ya mai da shi ma'auni.

Kamfanonin da kansu sun san darajar jiya. Marks & Spencer, da ya faro daga rumfa a kasuwar Leeds a 1884, yana da ma'ajiyar tarihinsa a Jami'ar Leeds. Vlisco, kamfanin atamfa na Holan da aka kafa a 1846, har gobe yana sake buga tsofaffin zanensa, kuma 'yan Kantin Kwari shaida ne.

Abin da digirin bai cika bayarwa ba shi ne lissafi, kuma daga ƙasa ake farawa, da rarraba kaya zuwa rassa. Don haka ɗalibin Tarihi da ke sha'awar wannan hanya, ka koyi Excel tun kana makaranta, ka kuma nemi shagon da za ka tsaya a cikinsa daga farkon azumi har jajibirin Sallah.