Zambo Ma Haja Ce: Tashin Sex Pistols da Rushewarsu

Ɗalibin lauya a harabar Kongo ta Jami'ar Ahmadu Bello, in yana neman labarin da zai gwada karatunsa na dokar kwangila a kai, to ga na wasu samarin Landan. Tsakanin Oktoban 1976 da Mayun 1977 sun sa hannu da kamfanonin faifai uku. Biyu sun kore su, kuma kowanne ya sallame su da kuɗi a aljihu. Shekara biyu da 'yan watanni suka yi suna kiɗa, babban faifai ɗaya tak suka fitar, ɗayansu ya mutu yana ɗan shekara 21, sauran kuma suka ƙare a kotu da manajansu. Su ne Sex Pistols, ƙungiyar da ake jingina wa tashin kiɗan pank a Birtaniya.

Birtaniyar da suka taso a cikinta ba ta da lafiya. A 1975 hauhawar farashi ta haura kashi 20 cikin ɗari, marasa aikin yi sun zarce miliyan, kuma a 1976 gwamnati ta kai ƙoƙon bararta gaban asusun IMF. Mawaƙan rok na lokacin sun zama manyan attajirai, suna kiɗa a filayen ƙwallo da kayan da yaron unguwa ba zai taɓa iya saye ba. Steve Jones mai jita ya faɗa da bakinsa cewa yawancin kayan kiɗansu na farko sato su ya yi. Shi da Paul Cook mai ganguna da Glen Matlock mai jitar bas suna yawan zama a wani shagon tufafi da ke lamba 430 a titin King's Road, na Malcolm McLaren da Vivienne Westwood. A nan aka tsinto John Lydon a watan Agustan 1975, yaro ɗan shekara 19, ɗan baƙin da suka zo daga Ireland, gashi kore, riga a yage. Ba don murya aka ɗauke shi ba. Kallonsa da bakinsa aka saya, aka laƙaba masa Johnny Rotten. Ranar 6 ga Nuwamban 1975 suka yi wasansu na farko a wata makarantar koyon zane, ba su yi nisa ba aka tsayar da su.

Kiɗan kansa ba shi da wani sirri. Waƙa ba ta cika wuce minti uku ko huɗu ba, jita tana ruri, ganga tana gudu, mai waƙa yana furzar da magana kamar mai faɗa. Amma wanda ya saurari faifan nasu da kunnen basira zai ji cewa ba shirme ba ne. Jones ya iya hannunsa, kuma Matlock ne ya san yadda ake ɗinka karin waƙa. Maganar cewa ba su iya komai ba, manajansu McLaren ne ya fi yaɗa ta, domin ta fi sayuwa.

Kamfanin EMI ya ɗauke su a Oktoban 1976 a kan fam 40,000. Ranar 1 ga Disamba aka gayyace su wani shirin talabijin na yamma, mai gabatarwa Bill Grundy ya dinga tsokanarsu, su kuwa suka antaya ashar kai tsaye a lokacin da iyalai ke cin abincin dare. Kashegari jaridu suka ɗauka. Aka soke mafi yawan wasannin da suka shirya a garuruwa, EMI ta rabu da su a Janairun 1977. Kamfanin A&M ya karɓe su ranar 10 ga Maris, aka yi bikin sa hannu a ƙofar fadar Buckingham, bayan kwana shida shi ma ya kore su, ya bar musu fam 75,000. Sai Virgin ta Richard Branson ta ɗauka. A ƙarshen Mayu, daidai lokacin da ake bikin cikar Sarauniya Elizabeth shekara 25 a kan karaga, suka saki waƙar da suka ara wa sunan taken ƙasar, "God Save the Queen", suna yi wa sarauta da ƙasar gaba ɗaya tatas. BBC ta hana sa ta. Duk da haka ta kai lamba ta biyu a jerin waƙoƙin da suka fi kasuwa, kuma har yau akwai masu cewa hannu aka sa aka hana ta lamba ta ɗaya.

A nan ne Bahaushe zai ji kamar ya san wannan hanya. Mu ma muna da zambo da habaici, kuma ba ƙananan mawaƙa ke yin su ba. Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru, in suna wasa sarkinsu, sai sun taɓa ɗan sarkin da ya nemi gadon bai samu ba. Shata ya yi "Gagarabadau", wadda har yau ake muhawara a kan wanda aka yi wa. Gambu ya shekara da shekaru yana yi wa ɓarayi kiɗa, Kassu Zurmi yana yi wa 'yan tauri, 'yan gambara kuma suna faɗin abin da ba a faɗa a tsakiyar kasuwa. Sai dai zambon Bahaushe yana da ubangida. Makaɗin fada yana zagin abokin hamayyar sarki ne da yawun sarki, kuma kowa ya san wanda ya ba shi doki da riga. Wanda ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Abin da pank ya zo da shi sabo shi ne iƙirarin cewa ga zagi wanda ba na kowa ba, ba sarki a bayansa, ba attajiri, ba jam'iyya.

A ganina wannan iƙirari ne labarin Sex Pistols ya ƙaryata. Suna da ubangida, sunansa McLaren, kuma hajarsa ita ce rigima. Duk korar da aka yi musu riba ce a littafinsa. Shi ya shirya yawon jirgin ruwa a kogin Thames ranar 7 ga Yunin 1977, aka yi kiɗa a gaban majalisar dokoki har 'yan sanda suka kama shi da wasu, labari ya cika jaridu. Amma Lydon ne wasu masu kishin sarauta suka tare a wannan watan suka yanke shi da wuƙa, Cook ma aka yi masa duka. Bambancin McLaren da sarkin da ke riƙe da makaɗi shi ne, sarki yana kare nasa.

Rushewar ta faro ne tun Fabrairun 1977, lokacin da Matlock ya fita aka sa Sid Vicious, abokin Lydon, a gurbinsa. An cire mai iya kiɗa an sa mai kyan hoto. Sid bai iya jitar ba, har a faifan da ya fito ranar 28 ga Oktoban 1977 Jones ne ya kaɗa kusan duk bas ɗin. Faifan ya hau lamba ta ɗaya, an gurfanar da manajan wani shago a Nottingham saboda kalmar batsa da ke jikin bangonsa, kotu ta wanke shi. A Janairun 1978 McLaren ya kai su Amurka, kuma da gangan ya zaɓi garuruwan kudu inda ya san za a jefe su da kwalabe. Sid ya riga ya nutse a hodar heroin. Ranar 14 ga watan, a zauren Winterland na San Francisco, Lydon ya rufe wasa da tambayar 'yan kallo ko sun taɓa jin an cuce su, ya ajiye makirufo. Bayan 'yan kwanaki ƙungiya ta watse. A Oktoba aka tsinci gawar budurwar Sid, Nancy Spungen, a wani otal na New York, aka tuhume shi da kisa, bai kai ga shari'a ba ƙwaya ta kashe shi ranar 2 ga Fabrairun 1979. Sai a 1986 sauran suka ƙwato haƙƙin waƙoƙinsu da kuɗi kusan fam miliyan ɗaya daga hannun McLaren.

Yana da kyau mai karatu ya tuna abin da ke faruwa a nan gida a waɗannan watanni, don a auna kowane abu da ma'auninsa. Ranar 18 ga Fabrairun 1977, kwanaki kaɗan bayan rufe bikin FESTAC, sojoji kusan dubu suka far wa gidan Fela Kuti a Legas bayan faifansa na "Zombie", suka ƙona gidan, suka jefo mahaifiyarsa Funmilayo ta taga, ta rasu a shekara ta gaba. A Afrilun 1978, wata uku bayan watsewar Sex Pistols, ɗaliban jami'o'i suka fito a kan ƙarin kwabo 50 na kuɗin abinci a rana, suna neman a sauke kwamishinan ilimi Kanal Ahmadu Ali, aka harbe ɗalibai a Legas da Zariya. Fushin matasan Samaru da Kongo bai bi ta jita ba, ya bi ta ƙungiyar ɗalibai da takardun da ake liƙawa a bango da muhawarar malamai irin su Yusufu Bala Usman. Wanda ya zagi Sarauniya a Landan an hana sa waƙarsa a rediyo. Wanda ya zagi soja a Legas an ƙona masa gida.

To me ya saura? Ba siyasarsu ba, domin ba su da wata tsayayyiya. Sid yana yawo da riga mai tambarin 'yan Nazi don kawai ya ba mutane haushi, yayin da The Clash, waɗanda suka taso a bayansu, suka tsaya a gangamin yaƙi da wariyar launin fata a Landan a 1978. Abin da ya saura ya faru ne tun ranar 4 ga Yunin 1976, a wani ƙaramin zaure a Manchester inda mutum kusan 40 suka zo kallon Sex Pistols. Daga cikinsu aka samu waɗanda suka kafa Buzzcocks da Joy Division da The Smiths. Sun kalli dandamali suka ga ba wani abin da ya fi ƙarfinsu. A Janairun 1977 Buzzcocks suka ranto 'yan ɗaruruwan fam daga dangi da abokai suka buga faifansu da kansu, ba tare da wani kamfani ba, kuma daga nan ƙananan kamfanoni irin su Rough Trade da Factory suka yi ta tsirowa. Su Sex Pistols ba su taɓa yin haka ba. Almajiransu ne suka aikata abin da su suka yi ta faɗa.

Irin wannan sauyi a ƙasar Hausa fiyano ce ta kawo shi, ba jita ba. A da kiɗa gado ne ko doguwar bauta a bayan wani uban kiɗi, da 'yan amshi da makaɗa da maroƙa. Daga ƙarshen shekarun 1990, fiyano ƙirar Yamaha da ƙaramin ɗakin ɗaukar sauti a Kano suka ba yaron da ba ɗan makaɗa ba damar fitar da waƙa a yini guda. Da hukumar tace finafinai ta Kano ta tsananta daga 2007, an ɗaure Adam A. Zango wata uku a kan faifansa na "Bahaushiya", a 2009 wata kotu ta haramta waƙoƙi 11, aka kuma kama Aminu Ala. Waƙoƙin ba su mutu ba, suka koma yawo daga waya zuwa waya ta bulutut, haramcin ya zame musu talla kamar yadda na BBC ya zama a 1977. Amma dubi inda da yawa daga mawaƙan fiyano suka dosa bayan haka: waƙar ɗan takara, mota, kujerar Makka, muƙamin mai ba gwamna shawara. Ubangida ya sake riga ne kawai.

Su ma can haka ta kasance. A 1996 su huɗun farko na Sex Pistols suka sake haɗuwa suka zaga duniya, kuma ba su ɓoye cewa kuɗi suka fito nema ba. A 2006 Westwood ta karɓi lambar girma daga fadar da aka yi wa zambo, a 2008 Lydon ya fito yana tallar man shanu a talabijin. A Nuwamban 2016 ɗan McLaren da Westwood, Joe Corré, ya cinna wa tarin kayan pank da ya ce sun kai fam miliyan 5 wuta a kan kogin Thames, don haushin yadda hukumomin Landan suka mayar da cikar pank shekara 40 bikin yawon buɗe ido.