Wa Ya Ce Sai Jimlar Farko Ta Faɗi Komai?

Ƙanwata tana shirin jarrabawar WAEC, kuma tun da aka shiga zangon ƙarshe ta mai da ni malamin Turancinta na dare. Ranar nan bayan sallar isha'i ta same ni a zauren gidanmu da ke unguwar Hubbare, ta buɗe mini shafin da aka rubuta musu hanyoyin gina sakin layi. Guda bakwai ne, an jera su da lamba: kawo misali, fayyace ma'ana, dalili da sakamako, kwatanci da bambantawa, kasawa gida-gida, jeranta abin da ya faru, da siffantawa. A samansu an ja layi biyu ƙarƙashin doka guda, cewa kowane sakin layi ya buɗe da jimlar jigo, wato jimlar da za ta faɗi abin da sauran za su yi wa bayani. Ta haddace su tsaf. Da na ce ta nuna mini insha'in da ta yi da su kan ƙarancin ruwa a unguwa, sai na tarar kalmomi 450 da jarrabawar ke nema sun cika, kowane sakin layi ya buɗe yadda aka ce, amma daga farko har ƙarshe babu jarka ko ɗaya, babu mutum ko ɗaya da ƙishi ya kama.

Ni ma haka aka koya mini kusan shekara ashirin da suka wuce, kuma ina ganin sawun wannan darasi a maƙalun Hausa da nake karantawa a waya. Marubuci zai buɗe da cewa abu kaza yana da illoli da dama, ya biyo da na farko, na biyu, na uku, ya rufe da cewa a taƙaice abu kaza yana da illoli da dama. Kalmomin na Hausa ne, ƙashin kuwa na ɗakin jarrabawa. Shi ya sa nake ganin lokaci ya yi da za mu tambayi darasin nan asalinsa da iyakar amfaninsa.

Dokar tana da uba, kuma ba ta kai tsufan da ake zato ba. Alexander Bain, malami a Jami'ar Aberdeen ta ƙasar Sikotlan, shi ya shimfiɗa ƙa'idoji shida na sakin layi a littafinsa kan tsara rubutun Ingilishi da ya fito a 1866, shekara 49 bayan rasuwar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Ɗaya daga cikinsu ita ce jimlar farko ta nuna batun da za a yi magana a kai. Littattafan kwalejojin Amurka na ƙarshen ƙarni na 19 suka ɗauka, suka ƙara jerin hanyoyin faɗaɗa batu, daga nan abin ya bi makarantun boko har ya iso allon ajin ƙanwata. Kafin Bain, masu Ingilishi sun shafe ƙarnoni suna rubutu mai kyau ba tare da kowa ya ƙirga musu hanyoyi bakwai ba.

Akwai ma wanda ya je ya duba ko ƙwararru suna bin dokar. A 1974 Richard Braddock na Jami'ar Iowa ya ɗauki maƙaloli 25 daga manyan mujallun Amurka, irin su Atlantic da Harper's da New Yorker, ya bi su sakin layi bayan sakin layi. Ya tarar kashi 13 cikin 100 ne kawai na sakin layin bayani suke buɗewa da jimlar jigo. Adalci shi ne a ƙara da cewa Braddock bai ce a jefar da ita ba, hasali ma ya ga wurare da dama inda rubutun zai fi fitowa fili da an sa ta. Abin da ya ƙi shi ne a riƙa gaya wa ɗalibai cewa haka marubuta suke yi kullum, alhali ba haka suke yi ba.

Mu da muka tashi kusa da Hubbaren Shehu muna da wani ma'aunin a gida. Kakana yana da gafaka cike da littattafan hannu, waraƙa-waraƙa ba ɗinki. Idan ka buɗe, rubutun ya cika shafi daga gefe zuwa gefe, babu inda aka saki layi, domin takarda tana da tsada. Duk da haka mai karatu ba ya ɓata. Inda sabon batu ya fara, magatakarda ya ajiye baƙar tawada ya ɗauki ja, ya rubuta babi ko fasali ko mas'ala. A ƙasan shafi kuma ya sa kalmar farko ta shafin gaba, don kada waraƙu su rikice. Turai ma ta bi ta wannan hanya: masu kwafar littattafai suna sa wata alama da jar tawada a farkon sabon batu, da injin ɗab'i ya zo sai aka riƙa barin gurbi don a zo a cike da hannu, aka daina cikewa, gurbin ya zama sakin layin da muka sani. Ke nan tun asali aikinsa shi ne ya gaya wa mai karatu cewa an gama da wancan, an shiga wannan.

Hanyoyin bakwai ɗin ma ba baƙi ba ne a Sakkwato. Wanda ya karanta Ihya'us Sunna na Shehu ya san yadda babobinsa suke tafiya: a kawo abin da yake sunna a kan wani al'amari, sannan a kawo abin da mutane suka ƙirƙira a kansa. Wannan shi ne kwatanci da bambantawa, an ɗora littafi guda a kansa. A Bayanu Wujubil Hijra na 1806 kuwa, sau da yawa hukunci ne ke zuwa a gaba, hujjoji daga Alƙur'ani da Hadisi da maganganun malamai su biyo baya. Ga jimlar jigo nan a kan gaba, shekara sittin kafin Bain. Dalilin sa ta a gaba a bayyane yake: wanda ya buɗe irin wannan littafi ya zo da tambaya, yana son amsa kafin ya ji hujja.

Abubakar Imam yana da wani mai karatun dabam. A Magana Jari Ce, wanda ya fara fitowa a 1937, labarai da yawa karin magana ne kanunsu. Sai ka ce ai ga jigo nan an faɗa tun farko, amma karin magana a kan labari kamar ƙulli ne, ba ka sanin abin da ke ciki sai aku ya kai ƙarshen zancensa. Aikin akun ma shi ne ya riƙe ɗan sarki da labari har gari ya waye, to wanda ke son riƙe mutum ba ya zazzage masa komai a jimlar farko. Haka tsofaffinmu ke yi idan za su yi wa yaro faɗa: a fara da abin da ya sami wane, a bi shi daki-daki, sai a ƙarshe a ɗaure da magana guda. Da Shehu da Imam duk sun san abin da suke son faɗa. Inda suka ajiye shi ya danganta da abin da ya kawo mai karatu gabansu.

A nan nake ganin kuskuren darasin. Ya mai da sunayen hanyoyin abin farawa, alhali su sunaye ne da aka raɗa wa abin da marubuta suka riga suka yi. Ba a zama a ce yau da dalili da sakamako zan yi gini. Mutum yana faɗin magana ne, sai ya ji tambayar da mai sauraro zai jefo masa. Idan tambayar ita ce "kamar yaya?", misali zai kawo. Idan "me ya jawo?" ce, dalili zai bayar. Idan "me kake nufi da wannan kalma?" ce, sai ya fayyace. Ɗalibin da aka ba sunaye bakwai ba a ba shi mai sauraro ba, zai cika guraben da duk abin da ya samu, kamar yadda ƙanwata ta yi.

Sana'ata rubuta manhaja ce, kuma ta koya mini daraja ɓangaren darasin da yake gaskiya. Muna kasa aiki gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa mu ba ta suna, kuma ƙa'idar da muke yi wa juna gyara da ita ita ce gunduwa ɗaya ta yi aiki ɗaya. Idan na kasa raɗa wa gunduwa suna gajere, na san ta haɗa aiki biyu, sai in raba ta. A harshen Python ma gurbin da ka bari a farkon layi doka ne, ka goce da shi manhaja ta ƙi tashi ko ta yi abin da ba ka sa ta ba. Haka nake amfani da jimlar jigo a rubutu. Bayan na gama sakin layi nakan tambayi kaina ko zan iya faɗin aikinsa a jimla ɗaya. In na iya, ya tsaya da ƙafarsa, ko jimlar ta fito a rubuce ko ba ta fito ba. In na kasa, akwai gyara.

Wannan gwaji yana da amfani yanzu fiye da da, saboda waya ta canza mana shafi. Jimla biyar kan cika fuskar waya, kuma babban yatsa ba ya da haƙuri. Marubutanmu na WhatsApp da Wattpad da Facebook sun rabu biyu a kan wannan. Wasu suna zuba babi guda ba saki ko ɗaya, maganar uwa da ta 'ya da bayanin ɗaki duk a dunƙule, ga shi babu jar tawadar da za ta nuna hanya. Wasu kuma kowace jimla layinta dabam, har mai karatu ya kasa gane wace jimla ce ke goyon wata. Na biyun ya fi daɗin gani, amma ya fi cutar da maƙala, domin hujja tana buƙatar jimlolinta su zauna wuri ɗaya a ga wadda ta haifi wata. Gajarta sakin layi don waya daidai ne, in dai an yanke shi a gaɓa, yadda mahauci ke yi.

A daren nan na rufe littafin ƙanwata na ce ta manta da Turanci, ta gaya mini abin da ta sani game da ruwa. Ta ce, "Shekaranjiya tun da asuba munka fita da jarkoki, munka iske layi ya kai bakin titi. Da anka zo kanmu sai wuta ta ɗauke, injin ya tsaya. Inna ta sayi na 'yan ga-ruwa, kuɗin cefane ya tafi nan. Ni kuwa na isa makaranta an ƙare darasin farko. Rashin ruwa har karatu yake ci." Na ce to ga sakin layinki nan, da jerantawa da dalili da sakamako duk a ciki, jigon kuma ya zo a ƙarshe.

Ta ce, "Yaya, in na rubuta wanga hakanan, mai ba da maki mi zai ba ni?"

Tambayarta tana kan hanya. Mai duba takardun jarrabawa yana da tuli a gabansa, amsa yake nema da sauri, kamar mai neman hukunci. Na ce ta ɗauko jimlar ƙarshe ta kai ta farko, ta bar sauran yadda suke, ta juya su Turanci. In kuma wata rana za ta rubuto wa mujalla irin wannan, ta mai da jimlar inda ta fara ajiye ta. Ta ɗauki biro ta soke "na farko" da "na biyu", ta tambaye ni yadda ake cewa ɗan ga-ruwa da Turanci.